Jirin Miƙewa Tsaye da Aikin da ke Gaban Sashen Hausa

Duk wanda ya san gonakin Ɗanzomo, a ƙasar Gumel, ya san abin da kan sami dattijon da ya daɗe sunkuye yana noman gero, sa'an nan ya miƙe farat ɗaya. Sai duhu ya rufe masa ido, kunnuwansa su ɗauki ƙara, wani jiƙon ma ya yanke jiki ya faɗi. Nan take a ce iska ce ta buge shi, a tallafo shi a zaunar, a shiga neman turare.

Alhali kuwa dalilin a fili yake. Idan mutum ya miƙe, jini kimanin rabin lita zuwa lita guda kan gangara ƙafafu da ciki. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, ko da yake ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, tana shan kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke bugowa. In jijiyoyi suka yi nawar tsukewa, saboda tsufa, ko ƙishirwar azumi, ko yawan gumi, ko maganin hawan jini, sai ta rasa rabonta.

Kunne ma yana da nasa labarin. Dodon kunne maƙwabcin babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne, shi ya sa tun 1959 wani masani mai suna Benzinger ya riƙa auna zafin jiki ta nan. Masu bincike sun bi sawunsa, suna duba yadda zafin kunne kan sauya tsakanin kwanciya da tsayuwa, ko da yake akwai saɓani a kan iyakar abin da kunne ke iya faɗi game da ƙwaƙwalwa.

To, wa zai kai wa manomi wannan bayani? Bahaushe yana da jiri, da juwa, da hajijiya, da suma, amma ɗaliban Hausa sun fi zumuɗin ƙidaya gaɓoɓin waƙa bisa ga tantance waɗannan kalmomi. Kamata ya yi sashe ya tura ɗalibai kasuwar Maigatari da ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, su ji yadda jama'a ke rarrabe su, sa'an nan a zauna da likitoci a daidaita. Da haka ne ma'aikacin asibiti zai iya gaya wa ɗan dattijon nan cewa zaunar da mahaifinsa kuskure ne: kwantar da shi ake yi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, in ya farfaɗo sarai a ba shi ruwa.