Ƙirƙirarriyar Basira da Neman Rubutun Hausa: Inda Gizo Ke Saƙa

Ɗalibin da ya rubuta “baki” a manhajar bincike abu ɗaya yake nema, amma na'ura tana iya kawo masa huɗu: bakin cin tuwo, da baƙin launi, da baƙin da suka sauka a gida, da baƙin da ke tafiya da wasali. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, ga shi kuma rubutun boko bai nuna karin sauti ko tsawon wasali.

Tsohuwar hanyar bincike ƙirga kalmomi take yi. A 1972 Karen Spärck Jones ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa kalmar da ba ta cika fitowa ba ta fi gama-gari nauyi wajen gano takarda. Dabara ce mai kyau, sai dai tana buƙatar na'ura ta gane kalma duk yadda ta sauya kama. A Hausa kuwa “littafi” yana komawa “littattafai”, “ɗa” ya koma “ƴaƴa”, “saya” ta haifi “sayo” da “sayar”. Mai ƙirga haruffa ba ya ganin wannan dangantaka.

Nan ne ƙirƙirarriyar basira ta kawo sauyi na gaske. Ana ba na'ura miliyoyin jimloli ta karanta, ta mayar da kowace kalma jerin lambobi gwargwadon kalmomin da ke maƙwabtaka da ita. Sai ta koyi cewa “fari” kusa da “damina” da “gero” rashin ruwa ne, kusa da “riga” kuwa launi ne. Google ya shigar da irin wannan fasaha, mai suna BERT, cikin bincikensa a 2019. A 2021 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka fitar da AfriBERTa, wadda aka horar da harsunan Afirka 11, har da Hausa. Wannan ci gaba ne, babu dalilin raina shi.

To amma wace Hausa na'urar ta karanta? Galibi ta kafafen labarai irin su BBC, wato daidaitacciya, mai jingina da karin Kano. Mutumin Tawa da ke cewa “tahi” da “hwari”, da na Maraɗi da ke cewa “lakwal” da “lokotoro” inda na Zariya zai ce “makaranta” da “likita”, rabonsu a ciki kaɗan ne. Ko “ƴ” ta Nijar da “'y” ta Najeriya, a wurin kwamfuta alamomi ne daban. Ga kuma kundayen digiri da aka buga da tsofaffin salon haruffa, waɗanda idan aka buɗe su a wata na'ura sai “ƙasa” ta zama “qasa”, “ɗaya” ta zama “xaya”. Batun ajami ya fi wannan nisa. Dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa, ba za su fito a bincike ba sai an kwafe su kalma-kalma. Ɗaukar hoton shafi yana kare shi daga gara, amma bai sa a iya laluba cikinsa.

Abin da ya fi damuwa shi ne sababbin manhajojin da ke tsara amsa da kansu maimakon su nuna takarda. Idan ba su sami abin da aka tambaya ba, ba kullum suke yin shiru ba. Suna iya haɗa baiti mai amsa-amo su jingina shi ga mawaƙin da bai taɓa yin sa ba. Ɗalibin da ya kwafe shi cikin kundinsa ya saka ƙarya a ma'ajiyar ilimi, kuma idan kundin ya hau intanet, wata na'ura za ta karanta ta maimaita.

Saboda haka ya dace ɗalibi ya ɗauki manhaja a matsayin ɗan jagora, ya ƙi karɓar duk amsar da ba ta zo da sunan littafi da lambar shafi ba, sannan ya je ya duba shafin da idonsa. Sassan koyar da Hausa kuma su wajabta buga kundi da haruffan Unicode masu cikakkiyar ƙugiya, a ajiye shi ta yadda za a iya bincika cikinsa, kuma a bar misalan karin harshe yadda masu su suka furta, kada a gyara su su koma Kananci.