Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: maganar gwaiwa a Kance

Jama'ar Kance da Matamai, mu gaya wa juna gaskiya. Gwaiwa ta zama abin dariya a fada da bakin kasuwa. Dattijo zai shekara goma yana ɓoye ta cikin babbar riga, don kar a ce "wane ya yi kaya". To, wannan dariyar tamu tana iya kai mutum kabari.

Mun sani, yawancin gwaiwa ruwa ne kawai ya taru, ƙaramin aiki ake yi a sallami mutum. Amma akwai wata kansa, likitoci na ce mata mesoteliyoma, da ke kama tantanin da ya lulluɓe ɗan maraina. Ba ta da yawa ko kaɗan, waɗanda aka taɓa rubutawa a duniya ɗaruruwa ne kawai. Sharrinta shi ne da rigar gwaiwa take zuwa. Sau da yawa sai an buɗe wurin ake ganin ta.

Mu kuwa me muke yi? A je wurin mai allura ya zuƙe ruwa, ya karɓi jika biyu. Wata ɗaya, ruwa ya dawo. A sake zuƙewa. Haba jama'a! Kumburin da ke dawowa, ko ya yi tauri, ko ruwansa ya fito da jini, hoton eko yake so, ba allura ba.

In an tabbatar ita ce, maganin shi ne likita ya cire ɗan marainan da jijiyarsa ta mararraba, da wuri. Wasu za su ce: "Gara mutuwa." Subhanallahi! Guda ɗaya mai lafiya ya isa aure, ya isa haihuwa. Marayu fa, wa zai riƙe su?

Hukuma ma da nata. Tun 2007 Nijar ta ce maganin kansar mata kyauta ne, kuma mun yaba. Maza fa? Gashin kansa sai Yamai, inda aka fara shi a 2021, tafiyar wajen kilomita 900. Manomin gero da gujiya, ina zai samo kuɗin mota da masauki?

Buƙatunmu biyu ne. Duk naman da aka yi shakkarsa wurin aikin gwaiwa, a tura shi awo, kar a zubar. Kuma a saka maza cikin sauƙin nan.

Mu kuma mu bar dariya. Wanda ya san babansa ko wansa na fama, ya ja shi gefe, ya raka shi asibiti, in ta kama har Damagaram.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.