Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Jami'ar Bayero da Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibanta



Bayan gaisuwar ban girma ga Shugaban Jami'a da Majalisar Gudanarwa da shugabannin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wannan wasiƙa da ta fito daga Jama'a, a Ƙaramar Hukumar Gwarzo, tana ɗauke da shawara game da labaran da jami'a ke isarwa ga waɗanda ta yaye, musamman ta fuskar harshen da ake rubuta su da shi, da abin da suke ƙunsa, da mutanen da ya kamata su riske su.

Jami'ar tana da abin faɗa mai yawa, domin makarantar da ta fara a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1977 ƙarƙashin jagorancin Dokta Mahmud Tukur, yau tana koyar da likitanci tare da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tana nazarin dimokuraɗiyya a Gidan Mambayya, kuma cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya ce ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006. Haka nan Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka kafa a 2012, ta shiga sahun cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, wato cibiyoyin da aka zaɓa domin horar da masu manyan digiri daga ƙasashe daban-daban.

Sai dai idan aka ambaci tsofaffin ɗalibai, hankali yakan tafi ga ministoci da gwamnoni da manyan 'yan kasuwa, alhali kuwa da yawa daga cikin waɗanda jami'ar ta yaye malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da malaman gona da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda ke aiki a garuruwa irin su Gwarzo da Kabo da Getso da Jama'a. Duk wanda ya taso daga Gwarzo zuwa birnin Kano yakan wuce ta ƙofar sabon mazaunin jami'ar, amma kusancin hanya bai tabbatar da kusancin labari ba, tunda abin da aka wallafa da Turanci a shafin intanet ba lalle ne ya isa ga mai aiki a ƙauyen da ke fama da ƙarancin wutar lantarki ba.

Shawara ta farko ita ce a riƙa fitar da labaran da Hausa tare da Turanci, a rubuce da kuma ta murya, ta gidan rediyon jami'a da saƙonnin WhatsApp, domin ko tsohon ɗalibin da ya ƙware a Turanci, da Hausa zai bayyana wa manomi ko uwar yara abin da ya karanta, kuma jami'ar da ta tsara ƙamus ita ce ta fi cancantar samar da kalmomin kimiyya da zai yi amfani da su.

Ta biyu ita ce a fifita sakamakon bincike a kan labarin bukukuwa da naɗe-naɗen muƙamai. Bikin yaye ɗalibai abin farin ciki ne, amma malamin gona a Kabo ya fi bukatar sanin abin da masana suka gano game da irin gero da dawa da wake masu jure fari, da hanyar yaƙar ƙuduji, wato ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar hatsi tana tsotse shi, da yadda masu noman rani a bakin madatsar Challawa da ke Ƙaraye za su tattala ruwa da taki. Labarin da ya faɗi abin da aka gano, da inda aka gwada shi, da sashen da za a tuntuɓa, shi ne ke mayar da tsohon ɗalibi wakilin jami'a a garinsu.

Ta uku ita ce labari ya riƙa tafiya yana dawowa. Ya dace ƙungiya ta ƙarfafa rassa a matakin ƙananan hukumomi, inda mambobi za su riƙa aiko da matsalolin da suke gani a aji da asibiti da gona domin su zama batutuwan bincike ga ɗaliban manyan digiri, kuma malamai su riƙa fitowa suna ganawa da su, tunda Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Duk gudummawar da aka tara domin gurbin karatu ko gini, a bayyana adadinta da inda aka kashe ta, saboda mai ƙaramin albashi yakan sake bayarwa ne idan ya ga inda kuɗinsa ya shiga.

Ɗaga darajar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kabo zuwa jami'a a 2025 ya ƙara wa wannan magana nauyi, domin sabuwar makarantar za ta bukaci malamai da masu ba da shawara, kuma tsofaffin ɗaliban Bayero na yankin suna cikin waɗanda za su ɗauki wannan nauyi. Saboda haka ana roƙon hukumar jami'a da shugabannin ƙungiya su fara da tattara sunaye da wuraren aikin tsofaffin ɗalibai na yammacin Kano, sannan su gwada fitar da takardar labarai ta Hausa duk bayan wata uku.

Allah Ya ƙara wa jami'a ɗaukaka, Ya yi wa shugabanninta jagora.

Wassalam,
Daga tsofaffin ɗalibai mazauna Jama'a, Ƙaramar Hukumar Gwarzo, Jihar Kano.