Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Daina Yi Wa Masu Tseren Mota Kuɗin Goro

Yau maganar mota za mu yi. Mun san wasu za su ce me ya haɗa adabi da gareji, to a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe kafin a yanke mana hukunci.

Duk mai bin littattafan da ake saki a waya kullum ya san aiki biyu mota take yi a cikinsu. Na farko, ta nuna saurayi ɗan masu kuɗi ne: dalleliya, baƙa wuluk, mai baƙin gilashi, ya fito yana kaɗa mukulli. Na biyu, idan marubuci ya rasa yadda zai yi da wani a labari, sai ya ɗora shi a hanyar Abuja, taya ta fashe, a wuce wurin. Bakanike kuwa kullum shi ne talakan da za a ƙwace wa budurwa saboda baƙin mai a rigarsa. Idan aka sako matashin da ke son gudu da mota, to ka tabbata ɗan shaye-shaye ne, kuma kafin shafi goma za a kai gawarsa gida.

Ga matsayarmu a fili. Matashin da ya sayi tsohuwar mota, ya kwance ta a ƙofar gida, ya gyara ta don tseren daji bisa ƙa'ida, mai sana'a ne, kuma ya cancanci a ba shi fili a kuma rubuta labarinsa da mutunci. Wanda ke juya mota a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure, yara na tsaye a gefe, ya cancanci hukunci mai tsanani. Masu haɗa su a yi musu kuɗin goro suna ganin kamar tarbiyya suke karewa, alhali ganganci suke taimaka wa, domin idan aka toshe wa yaro hanyar ƙa'ida, titin unguwa ne kawai ya rage masa.

Bari mu fara da abin da ake kira rali, don da yawa daga masu sukar ba su san shi ba. A rali ba a jera motoci a sake su gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, da tazarar minti ɗaya ko biyu, a kan hanyar da aka rufe aka hana kowa bi. Da agogo direba yake takara. A gefensa akwai abokin tafiya riƙe da takarda, yana karanto masa abin da ke gaba: kwana ta dama, gangare, rami, gada. Tsakanin zango da zango kuma, idan motar ta hau titin jama'a, dole ta bi dokar hanya kamar kowace mota, wanda ya karya a hukunta shi. Kafin a bar mota ta shiga ma sai masu bincike sun duba ta ciki da waje. A nuna mana guda ɗaya daga cikin waɗannan a wasan motar biki.

Sannan abin ba baƙo ba ne a Afirka. Tseren Safari na Gabashin Afirka ya fara tun 1953, kuma ya koma cikin gasar duniya a Kenya a 2021. A 1965 wani ɗan Kenya, Joginder Singh, tare da ɗan'uwansa Jaswant, suka lashe shi da Volvo ta hannu, wadda ta riga ta sha wuya a tseren shekarar da ta gabata, su da kansu suka sake gina ta. Motocin manyan kamfanoni na nan, ta 'yan gida ce ta zo ta ɗaya. A tseren Paris zuwa Dakar, wanda tun karonsa na farko a 1979 ya ratsa Agadas da Yamai, wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Claude da Bernard Marreau, sun zo na uku a 1980 da ƙaramar Renault 4, suka dawo suka lashe shi a 1982 da Renault 20.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne Peugeot 504, Fijon da kakanninmu da iyayenmu suka sani. A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, 504 ta lashe Safari, ta kuma lashe tseren Maroko. Kafin ita, 404 ta ci Safari sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Motocin da suka yi suna a duniya saboda juriyar gargada da taɓo, su ne yau muke bari kaji na kwana a cikinsu har 'yan gwangwan su zo su auna a kilo. A gida ma, bikin kamun kifi na Argungu ya sha haɗawa da tseren motoci. Wanda ya ce wannan al'adar wasu ce aka jajibo mana jiya, bai bincika ba.

To yaya ake shirya tsohuwar mota? Nan ne ake gane mai sana'a da mai neman suna. Mai neman suna da salansa yake farawa, ya yanke ta don unguwa ta ji ƙara, ya liƙa takardu a bodi, ya je yana tambayar yadda za a ƙara wa inji wuta. Mai sana'a ƙarƙashin mota yake fara shiga. Yana neman tsatsa a daɓen motar da wuraren da sifirin da shakazoba suke kamawa, domin idan ƙarfen nan ya ruɓe, duk abin da aka ɗora a kai aikin banza ne. Daga nan sai a fitar da duk abin da ba shi da amfani a tsere: kujerun baya, kafet, rediyo, kwalin ƙofofi. Nauyin da aka rage yana sauƙaƙa wa birki da taya aiki.

Sai kejin ƙarfe na cikin mota, wanda shi ne ke hana rufi murƙushe mutane idan ta ƙundumbala. Ana yin sa da bututun ƙarfe mai ƙwari wanda ba shi da ɗinki, a kafa ƙafafunsa a kan faranti masu kauri da aka yi wa walda a daɓe. Bututun ruwan famfo ba ya wannan aiki, lanƙwashewa yake ko ya tsage ya soki na ciki. Wannan ne wurin da ba a neman arha, ba a kuma bai wa ɗan koyo walda. Bayan keji sai kujera mai rungume jiki, da bel mai kama kafaɗu biyu da ƙugu, da hular kwano ta gaske ga direba da abokin tafiyarsa. A ɗaure batir tamau, a sa makashin wuta wanda hannu zai kai gare shi nan take, a raba tankin mai da inda mutane suke zaune, a ɗaure tukunyar kashe gobara kusa.

Sai birki. Man birki yana shan danshi idan ya daɗe, kuma idan ya yi zafi ya tafasa, ƙafa za ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Don haka a zubar da tsohon, a canja duk robar da ta tsufa ta tsattsage. A sa faranti a ƙarƙashin inji don dutse kada ya fasa kaskon baƙin mai. A wanke lagireto ko a canja shi, a sa sabon fanbel, a kula da matatar iska, domin ƙurar burji da ta hunturu idan ta shiga inji kamar yashi take cin sa. A nemi taya mai kaurin gefe da shakazoba mai jure zafi. Ƙarin ƙarfin inji shi ne na ƙarshe a jeri, kuma mai farawa ba ya ma buƙatarsa. A Safari ta 1963 mota bakwai kacal suka kai ƙarshe. Wanda motarsa ta mutu a daji bai ci komai ba, ko da ya fi kowa gudu a zangon farko.

Ku dubi wannan jeri da kyau. Kusan dukkansa a kan tsare rai yake. Shi ya sa muke cewa mai wannan aiki ya fi yawancin direbobin da ke kan titi sanin darajar rai, domin shi ya san cewa idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo da nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu suke yi.

Yanzu ga hujjojin masu suka, kuma ba za mu raina su ba. Ta farko, haɗari. Gaskiya ne tseren mota yana kisa. Tseren Dakar ya kashe mutanen ƙauyuka a gefen hanya, har da yara, kuma wannan tabo ne da ba ya gogewa. A 1986 mota ta afka wa 'yan kallo a tseren Fotugal, sannan direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka ƙone a tsibirin Kosika. Amma ku ga abin da ya biyo baya: hukumar wasan ta soke rukunin motocin nan masu ƙarfin fitar hankali gaba ɗaya daga ƙarshen shekarar. Inda akwai hukuma da doka, idan aka yi asara ana zama a gyara. Wasan titi ba shi da mai zama ya gyara, in an taka yaro sai a gudu, mako mai zuwa a sake. Addininmu ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, mun yarda, kuma wannan hujja ce a kan mai gudu ba keji ba hula a cikin jama'a. Sukuwar dawaki ma tana karya mutane, amma magabata ba su yanka dawakai ba, fili suka ware mata, har yau akwai Filin Sukuwa a Kano.

Ta biyu, kuɗi. Ana cewa ana fama da abinci wa ke ta tseren mota. Mu ma a garin muke, mun san farashin fetur. Sai dai a tambayi inda kuɗin ke tafiya. Sabuwar motar da littattafai ke yi wa kirari, kuɗinta waje yake fita. Kuɗin gyaran tsohuwa kuwa yana shiga hannun mai walda, da mai gyaran bodi, da mai wayarin, da mai sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Kuma ba dole mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ba, abokai biyar na iya haɗa hannu a mota guda, su yi shekara suna gina ta a hankali. Yaron da ya koyi walda mai ɗaukar rai da saita birki ya samu abin cin abinci ko bai taɓa cin tsere ba. Ɗaliban kanikanci da ke kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda da yawa ke gama karatu a kan allo, ina aikin da ya fi wannan koya musu hannu?

Ta uku ita ce ta fi ƙarfi: cewa a ƙasar da ba a bin doka, da an buɗe ƙofa sai kowane ɗan ganganci ya ce shi ma ɗan rali ne. Amsarmu ita ce ƙofar a buɗe take tun tuni, ba mai gadi ne kawai. Abin da muke nema shi ne mai gadi: ƙungiya mai rajista, fili ko hanyar burji a bayan gari da izinin hukuma da na masu gonaki, masu binciken mota, motar asibiti a tsaye, igiya tsakanin 'yan kallo da hanya, da sharaɗin cewa duk wanda aka kama yana wasa a titi an kore shi. Sannan hukuma ta samu bakin ƙwace motar mai wasan biki ba tare da ya ce ba shi da wurin zuwa ba.

Ina ruwan marubuci a nan? Ruwa da tsaki. Abin da mutane ke ɗauka abin kunya ko abin alfahari, labari na cikin masu gina shi. Littafin da ya nuna gudun mota a cikin gari a matsayin burgewa ya yi ɓarna. Wanda ya nuna duk mai son mota a matsayin ɗan iska shi ma ya yi, domin ya koya wa uba cewa in ya ga ɗansa da sifana ya kore shi. Duka biyun kuma lalaci ne ya haife su, an rubuta abin da ba a je an gani ba.

Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya sami gareji mafi kusa da shi, ya gaida maigidan, ya nemi izinin zama na awa biyu. Ya saurari sunayen da suke kiran kaya da su, ya ga yadda ake sauke giya, ya tambayi yaron shago abin da ya fi ba shi tsoro a aikin. 'Yan'uwa mata da fita ke yi wa wuya, ku tambayi ɗan'uwa ko maƙwabcin da ke sana'ar, za ku sha mamakin abin da ke bakinsa. Daga nan a rubuto shafi biyu a kan mutane biyu da tsohuwar 504 da kuɗin da bai isa ba: ɗaya na son a sayi abin ƙara gudu, ɗaya ya dage sai an fara yin keji. Kada a kashe kowa a shafin ƙarshe don a huta. A bar su su yi gardamar har ta ƙare.

Wanda bai yarda da mu ba, ya zo da hujjarsa, muna sauraro. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.