Zancen Gida: Rumbu Ba Jinka

Daga nan Dingyaɗi ta ƙasar Bodinga. Kaka ta wuce, an ɗaure gero an kai gida, mun gode wa Allah.

A wannan wata wata 'yar'uwa ta aiko mini da wasiƙa, ta roƙe ni in sakaya sunanta. Ta ce: "Baba, maigidana malamin makaranta ne, dattijo kuma a ekklesiyarmu. Shekara 7 ke nan yana karatun digiri na uku a kan shugabanci. Ya gama darussa tun shekara ta biyu, saura rubuta kundi. Na sayar da tumakina da keken ɗinkina domin kuɗin makaranta. Kowace shekara sai ya ce bana zai gama. Yara har sun daina tambaya. Zunubi ne in ce masa ya bari?"

'Yata, tambayarki ba zunubi ba ce. Amma kafin in amsa, bari in bayyana wa masu karatu abin da ake nufi da kundi. Littafi ne wanda ɗalibi yakan rubuta da kansa a kan tambaya guda, yawanci babi 5: gabatarwa, da bitar abin da magabata suka rubuta, da hanyar da ya bi wajen bincike, da abin da ya gano, sa'an nan kammalawa. Akwai malamin da ke duba aikin babi babi. In ya gama, sai ya tsaya gaban malamai, har da baƙo daga wata jami'a, ya amsa tambayoyinsu. Lokacin darussa akwai ƙararrawa da jarrabawa masu kora mutum gaba. Lokacin kundi kuwa babu mai kiran suna da safe. Nan ne mutane da yawa sukan maƙale, musamman a babi na biyu, gama littattafai ba su ƙarewa, kullum sai mutum ya ga saura ɗaya bai karanta ba. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Manomi a nan garin ya san wannan. In ya gina rumbu ya zuba dammunansa, amma bai ɗora jinka ba har ruwan fari ya sauka, wahalar damina ta zama banza. Ubangiji Yesu ma ya yi gargaɗi cikin Luka 14:28-30 a kan mai gini wanda ya sa harsashi ya kāsa gamawa, har ya zama abin ba'a ga masu wucewa.

Ku tuna da Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda aka haifa a 1936. Ya zama babban magatakardan ECWA a 1967, daga baya ya tafi karatu a Dallas ta Amurka. A 1973 aka zaɓe shi babban magatakardan ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Da ya so, da ya ce aiki ya yi masa yawa, kundi ya jira. Bai yi haka ba. Ya karɓi digirinsa a 1974, aka buga kundin ya zama littafi a 1975. A watan Disamba na wannan shekara ya rasu a teku kusa da Mombasa ta Kenya, yana da shekara 39. Da ya jinkirta shekara biyu kawai, da ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki ba su sami abin da suke karantawa har yau ba. Babu wanda aka ba takardar alkawarin gobe.

A nan kusa da mu ma akwai misali. Wani Bature mai suna Murray Last ya zauna a Sakkwato, ya yi karatu a wurin Waziri Junaidu, ya rubuta kundinsa a kan tarihin Sakkwato da sarautar Waziri. Jami'ar Ibadan ta ba shi digiri a 1964, littafin kuma ya fito a 1967. Bai rubuta dukan abin da ke cikin takardun Waziri ba. Ya ɗauki abin da zai iya ɗauka, ya gama, na baya suka ɗora.

To, ga maganata gare ka, ɗan'uwana maigida, gama na san za ta nuna maka wannan shafi. Ka je wurin malaminka cikin wannan wata, ka tambaye shi a fili abin da ya rage, da ranar da wa'adinka zai cika, domin jami'o'i suna da iyakar shekarun da sukan ba ɗalibi. Ka rage tambayarka ta zama daidai ƙarfinka. Ka ware sa'a biyu kowace asuba, ka rubuta ko da shafi ɗaya. Shafi ɗaya a rana, in ka cire Lahadi, ya haura shafi 300 a shekara. Ka roƙi Pasto ya sauke maka wasu ayyukan kwamiti na ɗan lokaci. Sa'an nan ka zaunar da uwargida ka nuna mata lissafin kuɗi da na kwanaki, ba ɓoye-ɓoye. Tumakinta suna cikin kundin nan. Manzo Bulus ya koya cikin 1 Timoti sura 3 cewa a gida ake fara gane shugaba. Me ke amfanin babi 5 a kan shugabanci in iyalinka ba su ƙara gaskata "bana" daga bakinka ba?

Ke kuma 'yata, kada ki ce masa ya bari tukuna. Ki ce masa ya sa rana. Ku rubuta ranar ku manna a bango inda yara za su gani, ku riƙa ambatonta cikin addu'ar yamma. In ranar ta zo, ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai yiwu ba, to, ku ajiye karatun tare da salama, babu gori. Allah bai taɓa tambayar bawansa takardar digiri ba, aminci yake nema. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar gida yana rataye shekara da shekaru, ba a gama ba, ba a kuma bari ba.

Ekklesiya kuma, kada mu riƙa kiran mutum "Dokta" da wasa tun bai gama ba, muna ƙara masa kunya. Gara mu tambayi matarsa ko akwai hatsi a gida.

Allah ya ba kowane mai gini ƙarfin ɗora jinka kafin ruwa ya sauka. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.