Thaddeus Stevens Bai Wuce Gona da Iri Ba

Shekara da shekaru littattafan tarihin Amurka suna koya wa ɗalibai cewa Thaddeus Stevens mugun tsoho ne mai riƙo, wanda ya hana Arewa da Kudu sasantawa bayan yaƙin basasa. Almajiran William Dunning na Jami'ar Columbia ne suka gina wannan ra'ayi, fim ɗin The Birth of a Nation na 1915 kuma ya baza shi, inda aka siffanta Stevens da sunan Austin Stoneman. Har yau akwai masu cewa Shugaba Lincoln ne mai hankali, Stevens kuwa zafin kai ne ya yi masa yawa. Wannan hukunci zalunci ne.

An haifi Stevens a Vermont a 1792, cikin talauci, da gurguwar ƙafa. Ya yi aikin lauya a Gettysburg, kuma ba waliyyi ba ne: a 1821 ya tsaya wa ubangijin wata baiwa, Charity Butler, ya ci shari'a, aka ci gaba da bautar da ita. Daga baya ya juya baya ga wannan hanya. A 1835 jawabinsa ya ceci dokar makarantun kyauta ta Pennsylvania. A 1838 ya ƙi sa hannu a kundin tsarin mulkin jihar, domin ya keɓe ƙuri'a ga fararen fata. A majalisar wakilai ta tarayya shi ya shugabanci kwamitin da ke samo kuɗin yaƙi, yana kuma gaba-gaba wajen gyaran kundin tsarin mulkin Amurka na 13 da ya soke bauta, da na 14.

Babban laifinsa a wurin masu sukarsa shi ne maganar gona. A 1865 ya nemi a ƙwace filayen manyan 'yan tawayen Kudu, a ba kowane magidanci da aka 'yanta eka 40. Suka ce ramuwar gayya ce. To, wa ya nome gonakin nan kaka da kakanni ba ko sisi? Mutum kusan miliyan 4 aka sallama hannu Rabbana, babu fili, babu jari. Biyan mai gumi guminsa haƙƙi ne.

Shugaba Andrew Johnson ya zaɓi abin da ake kira sulhu. Ya yafe wa 'yan tawaye, ya mayar musu da filayen da Janar Sherman ya riga ya raba wa bayin da aka 'yanta. Sai 'yantattun bayin suka koma noman kashe-mu-raba a gonakin tsoffin iyayengijinsu, bashi ya ɗaure su, aka ƙwace musu ƙuri'a, dokokin wariya suka zauna daram har shekarun 1960.

Stevens ya rasu a Agustan 1868, bayan ƙuri'a ɗaya tak ta hana majalisar dattawa tsige Johnson. Shawararsa ta gona ba a taɓa gwada ta ba. Ta masu sassauci aka gwada, kuma an ga inda ta kai baƙaƙen Amurka. Duk mai zargin Stevens da tsanani, sai ya fara bayyana mana wanda ya ci ribar sassaucin.