Harbin Salansa Ba Ƙarfin Inji Ba Ne

Da yawa daga cikin samari masu babur sukan cire salansar da ta zo daga kamfani, su ɗaura wata mai ƙara daga kasuwa. Bayan kwana biyu sai babur ya fara harbi kamar bindiga duk lokacin da aka saki totur. Mai babur yana murna, wai inji ya ƙara ƙarfi. Idan abin ya dame shi ya je gareji, sau da yawa bakanike kafireta zai fara taɓawa. Dukansu biyu sun yi gaggawa, domin wurin da ya kamata a fara tuhuma shi ne wurin da hannu ya taɓa na ƙarshe, wato mahaɗar salansa da kan silinda.

A wannan mahaɗa akwai wani zobe mai laushi, galibi na jan ƙarfe, wanda makanikai ke kira gasket. Idan aka ɗaure noti, zoben yakan lotsa ya cike duk wata kafa. Sau ɗaya yake yin wannan aiki da kyau. Wanda ya mayar da tsohon zobe don tsimin 'yan kuɗi kaɗan ya bar ƙofa a buɗe.

Abin mamaki shi ne ƙofar ba fita kaɗai ake yi ta cikinta ba. Hayaƙi yana fitowa daga inji ne bugu-bugu, kuma a bayan kowane bugu matsin da ke cikin bututun yakan faɗi ƙasa da na iskar waje na ɗan ƙiftawar ido. A lokacin ne iska ke tsotsuwa ta kafar, ta haɗu da ragowar fetur da bai ƙone ba a cikin bututu mai zafin ɗaruruwan digiri, sai ya kama da wuta. Harbin ke nan. Ƙara wa kafireta mai ba ya toshe rami. Fetur kawai zai ƙara sha.

Gano yoyon ba ya bukatar na'ura. A duba mahaɗar, ko akwai baƙar kunkunniya da ta yi zane a gefenta. Da safe, inji na da sanyi, a shafa ruwan sabulu a kewayen wurin, a tayar da babur. Inda kumfa ta taso, nan ne. Dole a hanzarta, don cikin minti ɗaya ƙarfen zai ƙone ruwan, ya ƙone hannu ma. Haka nan idan aka danne bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙoƙi, lafiyayyen inji zai shaƙe, mai yoyo kuwa zai ci gaba da tafiya yana huci ta kafar. Wannan gwaji ne da malamin fiziks zai iya yi a farfajiyar makaranta da babur ɗinsa, ɗalibai su ga matsin iska da idonsu.

A farfajiya dai, ba a zaure ko shago ba. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana riƙe ta fiye da oksijin sama da sau 200.

Idan an sa sabon zobe, a ɗaure notocin biyu kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, kada bututun ya zauna a karkace. Bayan injin ya yi zafi ya huce a sake gwada su da sifana, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, noti kuma yakan saki.